Malami Namiji da Ƙananan Yara: Nazari Daga Ƙasar Gobir

Gabatarwa

In aka ce "malamin ƙananan yara" a Sabon Birni ko Isa, abin da mai sauraro zai fara hangowa shi ne dattijo zaune bisa buzu cikin zaure, yara sun kewaye shi kowa da allonsa. In kuwa aka faɗi wannan magana a Ingila ko Amurka, to mace za a hango, domin a can koyar da yaron da bai isa shiga firamare ba ya zama aikin mata, har namijin da ya shige shi akan dube shi da mamaki, wani lokaci ma da zargi. Wannan maƙala za ta dubi asalin wannan bambanci, sa'an nan ta nuna abin da ya sa ya shafe mu, tun da yake gwamnati ta shigo da ajin share fage cikin makarantun firamare, alhali ba a tsaya an tambayi wanda zai riƙe ajin a ƙauyukan gabashin Jihar Sakkwato ba.

Raino da Karantarwa

Harshen Hausa ya raba abubuwa biyu waɗanda makarantar ƙananan yara ta zamani ta haɗa wuri ɗaya, watau raino da karantarwa. Raino ya ƙunshi goyo, da ciyarwa, da wanka, da tsarki, da lallashi. Duk kalmomin da suka kewaye shi na mata ne: akwai uwar goyo, akwai 'yar raino, akwai zanen goyo da majanyi. Namijin da aka gani yana yawan shiga wannan sha'ani ba ya rasa mai yi masa ba'a. Karantarwa kuwa, tun daga ranar da aka rubuta wa yaro allonsa na farko, a hannun malam take, kuma ba a taɓa jin an raina malami don ɗalibansa ƙanana ne ba. Hasali ma malamin da ya fara ɗora wa mutum biyayyar harafi yana da wani matsayi da ba ya gushewa, ko da ɗalibin ya zama alƙali ko hakimi.

Akwai kuma wani abu na al'ada da ya kamata a sa cikin lissafi. Uba Bahaushe yakan ji kunyar ɗansa na fari, ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Wanda bai san mu ba sai ya ɗauka namiji Bahaushe ba ya iya sakin jiki da yaro ke nan. Amma wannan uban da kansa, ranar da ya zama kaka, shi ne zai zauna jikoki na hawa kansa, yana kiran jikanyarsa matarsa, yana kiran jikansa abokin takara. Kawu ma yana da irin wannan sassauci ga 'ya'yan 'yar'uwarsa. Ashe ke nan al'ada ba ta hana namiji kusantar yaro ba. Ta dai tsara wane namiji ne zai kusance shi, a kuma wane matsayi. Malam yana cikin waɗanda aka buɗe wa wannan ƙofa.

Zauren Malam

Ƙasar Gobir tsohuwar ƙasar karatu ce. A Maratta aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, a Degel ya tashi ya koyar, kuma a wurin mahaifinsa ya karanci Alƙur'ani. Ruwayoyi da yawa sun ce shi ya karantar da Yunfa tun kafin ya hau sarautar Gobir. Kufan Alƙalawa, babban birnin da ya faɗi a 1808, yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni ta yau. Lokacin da Turawa suka ƙirga makarantun allo na Arewa wajen 1914, sun sami kimanin 25,000, da ɗalibai fiye da 200,000. A wannan lokaci makarantar boko da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 ba ta wuce shekara biyar ba.

Abin da ya shafi wannan nazari shi ne shekarun da ake kai yaro. A garuruwa irin su Gatawa, da Unguwar Lalle, da Kurawa, da Turba, da Bafarawa, da zarar yaro ya buɗe baki sosai, wajen shekara huɗu ko biyar, sai ya bi yayyensa zuwa zauren malam. Waɗannan shekaru su ne daidai na ajin da ake kira nazare ko rabin aji. Maza da mata duk suna zuwa, sai dai galibi akan ware su wajen zama. Da farko ba a ba yaro allo. Zai zauna ne yana jin karatu, ana biya masa Fatiha da gajerun surori da ka, har kunnensa ya saba. Bayan haka sai a shiga babbaƙu, watau sanin haruffa ba tare da wasali ba, sa'an nan farfaru, inda ake ɗora wasula, kafin a kai ga haɗa kalmomi a karanta su a jere.

Ya kamata ɗalibin Hausa ya tsaya a kan babbaƙu, domin a nan ne hikimar malaman farko ta fi fitowa. Ba su bar haruffan Larabci da sunayensu na Larabci kawai ba. Sun laƙaba musu sunaye da Hausa waɗanda ke bayyana siffarsu ko yadda aka ja su a rubutu. Harafin ainun da ya buɗe a farkon kalma sai aka ce masa ambaki, domin ya yi kama da buɗaɗɗen baki. Akwai ha kuri, akwai mim jaye da mim ara, akwai kaf lasan. Yaro ɗan shekara biyar ba ya riƙe abin da ba shi da siffa, amma yana riƙe baki, yana riƙe abin da aka ja. Haka kuma ana rera sunayen ne da murya, ana maimaitawa tare, yatsa na bin harafi a kan allo, watau ido da kunne da hannu suna aiki lokaci guda. Masanan ilmin yara na Turai sun rubuta littattafai a kan wannan dabara. Malamanmu sun yi aiki da ita ɗaruruwan shekaru ba su ba ta suna ba.

Allo kansa kayan aikin yara ne mai kyau. Ba ya yagewa, ba ya ƙarewa, in an wanke shi ya dawo sabo. Tawada kuma a gida ake dafa ta, alƙalami daga kara ake feƙe shi. Ladan malam shi ne kuɗin Laraba da sadakar da iyaye ke aikowa, da abin da ake yi ranar sauka.

Sai dai akwai abu biyu da bai kamata a ɓoye ba. Na farko, malam ba shi kaɗai yake wannan aiki ba. A tsarin tsangaya akwai kolo, akwai titibiri, akwai gardi, kuma sau da yawa gardi ko titibiri ne ke biya wa kolo karatu, malam yana duba na manya. Sa'an nan a bayan zaure akwai cikin gida. Yaron da ya yi kuka, ko ya ɓata jikinsa, ko zazzaɓi ya kama shi, wurin matar malam ake tura shi, ko yayarsa ta kama hannunsa su koma gida. Watau rainon yana nan, mata ne ke yin sa, ba a dai ƙirga shi cikin aikin makaranta. Na biyu shi ne bulala. Ba kowane malami ke wuce iyaka ba, amma an daɗe ana ɗaukar tsoro a matsayin abokin karatu, kuma yaro ƙarami da ya fara sanin harafi tare da zafin dorina yakan daɗe bai raba su ba a zuciyarsa.

Kada kuma a ɗauka mata ba su da tarihi a koyarwa a wannan ƙasa. Shehu ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a littafinsa Nurul Albabi. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis ke ɗaukar karatu su kai wa matan ƙauyuka. Har gobe akwai modibbai da malamai mata da ke karantar da yara a cikin gidaje. Abin da ake cewa kawai shi ne, makarantar da ke waje, wadda kowa ke gani, namiji ne a gabanta.

Yadda Abin Yake a Wasu Ƙasashe

Wannan tsari ba namu ba ne mu kaɗai. A Misira ana kiran irin wannan makaranta kuttabi, kuma Ɗaha Husaini ya siffanta malaminsa na kuttabi a littafin tarihin rayuwarsa, Al-Ayyam. A Sudan halwa ce, a Somaliya dugsi, a Senegal daara, a Maroko msid. A dukansu namiji ne aka sani da riƙon yara ƙanana.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a Turai ma maza ne suka fara. A 1816 Robert Owen ya buɗe makarantar ƙananan yara a New Lanark ta ƙasar Sikotilan, domin 'ya'yan ma'aikatan masaƙarsa. Wanda ya ɗora a kan ajin wani masaƙi ne, James Buchanan, wanda aka zaɓa saboda haƙurinsa da son yara, aka haɗa shi da wata budurwa, Molly Young, tana taimaka masa. Mai karatu zai lura cewa wannan bai yi nisa da malam da matar malam ba. A Jamus kuwa Friedrich Froebel ya kafa makarantarsa a Bad Blankenburg a 1837, a 1840 ya raɗa mata sunan da ma'anarsa ita ce lambun yara. Wannan suna ne Faransawa suka fassara zuwa harshensu, shi ne kuma maƙwabtanmu na Maraɗi da Tsibiri suka gada ga irin wannan aji. Froebel da kansa ya juya ga mata, ya kira su su ɗauki aikin, bisa ra'ayin cewa malamar yara uwa ce ta biyu. Ra'ayin ya karɓu, ya kuma buɗe wa mata ƙofar sana'a a zamanin da ƙofofinsu ba su da yawa. Amma da aikin ya zama na mata, sai aka ɗauke shi a matsayin abin da mace ke yi bisa ɗabi'a, ba gwaninta ba, aka kuma yanka masa albashi gwargwadon wannan ɗauka. Ƙarancin albashi ya kori maza, rashin maza ya ƙara tabbatar da cewa aikin mata ne.

A Amurka kusan kashi 97 cikin 100 na masu koyar da yaran da ba su shiga firamare ba mata ne. A can wani abu ya ƙara dagula lamarin. A 1983 aka fara zargin ma'aikatan makarantar McMartin da ke Kalifoniya da lalata yara. Aka yi ta shari'a har 1990, ba a sami kowa da laifi ba, amma tsoron da abin ya shuka bai gushe ba, har wasu makarantu suka riƙa hana malami namiji ya ɗauki yaro a cinya ko ya raka shi bayan gida.

Wasu ƙasashe sun yi yunƙurin gyara. A 1996 wani kwamitin Tarayyar Turai mai kula da rainon yara ya ba da shawarar a kai maza kashi 20 cikin 100 na ma'aikatan wannan fanni a cikin shekara goma. Norwe ta ɗauki wannan adadi a matsayin burinta, ta kuma fi yawancin ƙasashe matsawa, amma wajen kashi 10 ta tsaya. Jamus ta gudanar da shiri na musamman daga 2011 zuwa 2013 don jawo maza, adadinsu ya ƙaru, sai dai da sauran tafiya.

Labarin Japan ya fi jan hankalin mai nazarin harshe. Sunan wannan sana'a a can a da shi ne hobo, kuma a cikin rubutun kalmar akwai alamar da ke nufin uwa. An yarda maza su sami takardar shaidar aikin a 1977, amma sai suka zama suna ɗauke da suna mai cewa su uwaye ne. Sai a 1999 aka sauya sunan a hukumance zuwa hoikushi, wanda bai nuna jinsi ba. Suna kaɗai bai cika makarantu da maza ba, amma ya kawar da wani abin kunya daga kan hanya.

A gabashin Afirka kuma an bi hanya ta daban. A 1986 Gidauniyar Aga Khan ta fara wani shiri a Mombasa ta Kenya na haɗa karatun addini da ilmin share fage a madarasa, daga baya ya kai Zanzibar da Yuganda. Galibin waɗanda aka horar matan unguwa ne. A can matsalar ita ce shigo da mata fagen da maza suka daɗe suna riƙe da shi.

Rabin Aji a Gabashin Sakkwato

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ambaci ilmin share fage, amma ta bar shi a hannun masu makarantun kuɗi. Saboda haka nazare ta taso a birane, cikin 'ya'yan ma'aikata, da Turanci, da malama da yara ke kira anti. Malami namiji in ya samu akan ce masa ankul. Abin lura ne cewa an guje wa kalmar malam da malama, aka ɗauko sunayen dangi na baƙon harshe, kamar dai ana so a ce wannan wuri ba makaranta ba ce sosai.

A Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a watan Satumba na 1999. Dokarsa ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilmin tushe, sa'an nan manufar ilmi ta 2013 ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya a makarantun gwamnati, da malami ɗaya ga yara 25, kuma a koyar da su da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. A takarda abin ya yi kyau.

To amma wa zai shiga ajin? Duk wanda ya san makarantun ƙauyukan Sabon Birni da Isa ya san cewa yawancin malamansu maza ne. Malamai mata sun fi taruwa a hedikwatar ƙaramar hukuma da birnin Sakkwato, inda mazajensu suke. Dalilan sanannu ne: 'yan mata kaɗan ne ke kai wa ga kwalejin horon malamai daga waɗannan ƙauyuka, kuma ba kowane miji ko uba zai bar mace ta yi ta zirga-zirga a hanyar daji ba. Tun daga wajen 2019 kuwa hanyar da kanta ta zama abin tsoro. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka, dubban mutane sun tsallaka zuwa Jihar Maraɗi, wasu sun taru a garuruwan Isa da Sabon Birni. A watan Mayu na 2020 an kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni a rana ɗaya, a watan Agusta na 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Inda hakimi bai tsira ba, ba za a ga laifin malamar da ta ƙi karɓar canjin wurin aiki ba.

In muka ɗauko ra'ayin cewa rabin aji na mata ne, sakamakon a irin wannan wuri ɗaya ne cikin biyu. Ko dai ajin ya zauna ba malami, yara su yini suna wasa da ƙasa a gindin bishiya, ko kuwa a tura masa malamin da hedimasta ya rasa inda zai kai shi, ya shiga yana ganin an rage masa daraja. Malamin da ke jin an wulaƙanta shi, an kuma ba shi yara masu yawa da ba a koya masa yadda ake tafiyar da su ba, bulala zai ɗauka. Wannan ne ya sa nake ganin tambayar da Turawa ke yi, watau ko ya dace namiji ya koyar da ƙananan yara, ba tamu ba ce. Kakanninmu sun amsa ta. Tamu ita ce yadda za a shirya namijin da ya riga ya tsaya a gaban ajin.

Shirin kuwa dole ya taɓa wurin da zauren malam ya bar wa cikin gida. A makarantar allo yaro yana kusa da gidansu, zaman ba ya da tsawo, yayyensa na gefensa. A rabin aji kuwa yana yin sa'o'i a hannun mutum ɗaya, kuma a cikin waɗannan sa'o'i zai ji ƙishirwa, zai yi fitsari, zai yi kuka. Iyaye a nan ba za su so namiji ya yi wa 'yarsu tsarki ba, kuma suna da gaskiya. Maganin bai fi ƙarfinmu ba: a ɗauki dattijuwa daga cikin garin, a ba ta ɗan alawus, ta zauna tare da malamin. Ba ta bukatar takardar shaida don ta iya lallashi, kuma ita ce ma'ajiyar tatsuniya da kacici-kacici da waƙoƙin wasa, waɗanda su ne ainihin abin da manufar koyarwa da harshen uwa ta nema. Zamanta a ajin kariya ce ga yara, kariya ce kuma ga malamin daga zargi. A garuruwan da 'yan gudun hijira suka taru akwai zawarawa da yawa da wannan ɗan aiki zai rufa wa asiri.

Su ma malaman allo bai kamata a tsallake su ba. An gina makarantun almajirai na zamani tun daga ta Gagi a Sakkwato a 2012, an kuma kafa hukumar kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023, amma hankalin waɗannan shirye-shirye ya fi karkata ga yaran da suka yi wayo, masu yawon bara. Ɗan shekara huɗu da ke zaune a zauren unguwarsu ba a cika tuna shi ba. Gardin da ke biya masa karatu yana da haƙurin maimaita harafi ɗaya sau hamsin, kuma iyaye sun riga sun amince da shi. Horo na 'yan makonni a kan lafiyar yara, da ƙirga, da yadda ake horo ba tare da duka ba, zai yi amfani a wurinsa fiye da yadda sabon gini zai yi a ƙauyen da mutanensa ke kwana a daji. Wanda ya gudu daga gari ba ya ɗaukar benci, amma allo yana shiga cikin buhu.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan sashen Hausa. Har yanzu ba mu da tsayayyen suna ga wannan sana'a. Ana cewa makarantar raino, ana cewa rainon yara, wasu kuma nazare. Saurayin Gatawa ko Tsamaye da ya gama sakandare ba zai koma gida ya gaya wa mahaifinsa cewa zai je kwaleji ya karanci raino ba, domin ya san amsar da zai samu. In ya ce zai karanci koyar da 'yan share fage, ko ya zama malamin babbaƙu na boko, magana ta sauya. Haka nan sunayen haruffa na zaure, da waƙoƙin gaɗa da na dandali na Gobirawa, da wasannin yara maza irin su langa, suna bukatar a bi tsofaffi a rubuta su da karin harshen yankin, tun da yake ƙauyukan da ake yin su suna watsewa, yaran da aka haifa a sansanin gudun hijira kuma ba su san dandalin garinsu ba.